Ranar da Aka Karrama Mai Gada

Zuwa ga aminiyata Ungozoma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da jikoki da gwiwar nan taki da ba ta gajiya da ƙorafi. Yaya kunnen? Kada ki ce min ya yi sauƙi, don kiran da na yi miki na ƙarshe maƙwabtana sun fi ki jin abin da na faɗa. Shi ya sa na ɗauko biro. Akwai maganar da ba a ɗaga mata murya, ke kuma yanzu ba kya jin ta a hankali.

Albishirinki. Ƙungiyar injiniyoyi za ta karrama mutumin naki, Mai Gada, da babbar lambarsu, wadda suke bai wa wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan aiki. Har gida suka zo, da shugabansu a gaba. Kin tuna siririn nan da yake bin sa da naɗaɗɗun zane a hammata, wanda kika ce wata rana iska za ta yi gaba da shi? To shi ne shugaban yanzu. Ya ajiye tumbi, da ya zauna sai da kujerar falo ta yi ƙara. Ya ce duk wanda ke cikin ɗakin nan a hannun maigidana ya koyi aiki, ya ce gadar babban kogi har yau ita ake kai ɗalibai su gani. Suna so ya zo da kansa ya karɓa, ya yi musu ɗan jawabi.

Na yi godiya, na ba su shayi, na ce musu Injiniya na barci, likita ya hana a tashe shi. Ƙarya nake yi. Yana bayan gida a lokacin, da butar ban ruwa a hannu, yana jiƙa katanga.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ki gyara zama. Mutumin naki ba shi da lafiya, kuma an daɗe. Ciwon mantuwa ne. Da makulli ya fara, na yi ta yi masa tsiya. Daga nan sai ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Wata rana ya fita da mota ya ɓata a kan titin da shi ya shimfiɗa shi, sai wani mai faci ne ya gane shi ya rako shi gida. Sunayen jikoki suka tafi. Na 'ya'yansa suka bi baya. Auta takan zo kullum ta ba shi magani, ya karɓa da hannu biyu ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa ma'aikaciyar asibiti. Yarinyar nan sai ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada in ji kukanta.

Katangar kuwa, a ganinsa jiya aka zuba ta. Kin san yadda yake da ban ruwan kankare. Ya sha faɗa mana cewa kankare jariri ne, in ka bar shi da ƙishirwa a kwanakinsa na farko, zai tsage maka ko bayan ka mutu. To katangar da ta girmi jikokinmu ita yake shayarwa kowace safiya, har gansakuka ta fito mata. Na bar shi, tunda ba ya cutar da kowa sai tankin ruwana.

Amma ni ya san ni. Wannan shi ne abin da nake riƙe da shi. Duk duniya ni kaɗai na rage masa. In na shigo ɗaki fuskarsa takan saki, ya ce ga Manaja nan, yadda ya saba kira na tun muna gidan haya. Ba ya cin abinci sai daga hannuna, ba ya yarda kowa ya yanke masa farce sai ni.

Ke shaida ce a kan abin da na sha da mutumin nan. Haihuwata duka a hannunki na yi su, shi yana can bakin wani kogi ko cikin wani daji yana auna ƙasa. Kullum maganarsa ɗaya ce, in ya gama wannan aikin zai zauna. Wannan aikin ya haifi wancan, har muka yi furfura. Da ya ajiye aiki na ce to madalla, yau dai na samu miji. Ko ɗumin kujera bai gama ji ba ciwon ya yi sallama. Ina jin haushi, ƙawata, ban san wa zan ji haushinsa ba.

Ban ba su amsa ba tukuna. Ki rubuto min ra'ayinki, amma kada ki cika min wa'azi, na san halinki. Ki gaishe da yara duka, ki shafa min kan ƙaramar.

Taki har kullum,
Sarkin Tsiwa

*

Zuwa ga aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki ya jiki. Takardarki ta iso, na gode da addu'a, na kuma ga inda hawayenki ya ɓata tawada, ke da kike cewa ungozoma ba ta kuka. Kin ce in bi shawarar likita. Na ji, amma na riga na amsa musu. Za mu je.

Mun yi ta da Auta har ta kwana biyu ba ta yi min magana ba sai gaisuwa. Ta ce likita ya faɗa mana ƙarara, mai irin wannan ciwo ba a kai shi cikin taro da hayaniya da fitilu, wani lokaci abu ɗaya kan girgiza shi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta ce in je in karɓo masa, ko ita ta je. Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin nan bai ga sunan 'ya'yansa ba, bai ga ranar da suka fara tafiya ba, bai ga jana'izar mahaifiyata ba, duk saboda aikin nan. In har akwai rana ɗaya da aikin zai miƙe tsaye ya ce masa an gode, ba zan bar shi a bayan gida da buta ba. Kuma gaskiya akwai son kai a ciki. Ina so in ga abin da aka ƙwace min miji dominsa, in ga ko ya kai.

Ta tambaye ni, in ya tsaya a gaban mutane ya rasa abin cewa fa, ko ya yi abin da za a tausaya masa? Wannan ita ce ta tsaya min a rai. Mutum ne da bai taɓa son a ce masa sannu ba.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, na rubuta masa jawabi gajere da manyan baƙaƙe, muka fara gwaji bayan karin kumallo. Abin bai yi daɗi ba. Ya karanta layin farko, ya ɗago ya tambaye ni wa ya rasu. Washegari ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin ƙafar tebur, wai teburin yana rawa. Gaskiyarsa kuwa, yana rawa.

Sai shugaban ya aiko da saƙo cewa in nemo masa tsohuwar hular kwanonsa ta wurin aiki. Ashe haka suke yi a ƙungiyarsu. Wanda za a karrama da hularsa ta fili yake hawa dandamali, su ma kowa ya sa tasa, su miƙe masa. Na same ta a saman kwaba cikin ƙura, farar ta koma ruwan ƙwai, gefenta ya tsage tun ranar da rodi ya faɗo masa a aikin gada. Na wanke ta da sabulu da soso. Don wasa kawai na kifa masa ita a ka yana zaune a baranda.

Ƙawata, da kin ga abin da na gani. Mutumin da ya yi watanni yana tafiya a duƙe sai ya miƙe. Ya gyara igiyar hular da yatsa biyu yadda ya saba. Ya dubi sama ya ce hadarin nan ba zai zubo ba kafin la'asar, a fara kwaɓi. Ya tambayi ina ruwan kogi ya kai yau. Na miƙa masa jawabin, ya karanta shi tsaf daga farko har ƙarshe, sannan ya ce ba zai sa baki a takardar da aka yi kuskure a cikinta ba. Wai na rage wa gadarsa tsawo. Ya karɓi biro ya gyara da hannunsa, rubutun nan nasa mai tsayi da na ɗauka ya tafi har abada. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, dariyar ta koma kuka, shi kuwa yana yi min kallon lebura mai wasa a bakin aiki.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Auta ba. Da hular a kansa, na ce masa ga shayi, sai ya ɗan daɗe yana kallona kafin ya karɓa. Kallon mai neman inda ya san mutum. Na yi maza na cire masa ita. Ya kurɓa, can ya ce Manaja, shayin nan ba sukari. Na sauke ajiyar zuciya. Mun sake gwadawa a kwanakin da suka biyo baya, kullum haka, in na cire yakan dawo min. Don haka na ce ba komai, awa ɗaya ce, a sa a cire.

Tela ya kawo sababbin kayansa, sai da aka rage su sosai don ya rame. Ni ma na ɗinka, kada matan injiniyoyi su ce Mai Gada bai iya riƙon mata ba. Ki sa mu a addu'a ranar Asabar. Gaisuwa ga mutanen gida.

Taki,
Sarkin Tsiwa

*

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun. Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa. Zan ba ki labarin yadda ya faru bi da bi, in ba haka ba ba zan iya ba.

Da hantsi muka isa, ni da shi da Auta. Babban ɗakin taro ne, cike da maza da mata cikin kayan ado, kowa da hular kwano a cinya. A bango sun haska hotunan aikin gadar da majigi, manya-manya, tun tana ginshiƙai tsirara a cikin ruwa. Ga shi nan a ciki, baƙin gashi, hannun riga a naɗe, yana nuna wa wani abu da yatsa. Ban taɓa ganin hotunan nan ba. Na tsaya ina kallon saurayin da nake jira a gida a shekarun nan, ashe haka yake in ba na nan, yana dariya da dukan haƙoransa.

Ya riƙe hannuna gam tun daga mota. Yana ta tambaya ta ina ne nan, ina ce masa wurin abokan aikinsa ne. Aka yi jawabai masu tsawo, kin san injiniyoyi, in ba su ambaci nauyin ƙarfe ba ba su yi magana ba. Wani tsoho ya ce shekarar da ambaliya ta share gadoji a yankin, tasa ce kaɗai ta tsaya, a kanta aka kwashe mutane. Wata mace ta ce shi ne ya fara ba ta aikin fili lokacin da kowa ke tura ta ofis ta haɗa shayi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce a raina to, ashe ba a banza na yi zaman jira ba.

Da aka kira shi, na sa masa hular da hannuna. Duk ɗakin ya miƙe, kowa ya kifa tasa. Ya saki hannuna. Ya tafi shi kaɗai, kai a sama. A gindin dandamali ya tsaya ya taka matakalar farko da ƙafa ɗaya, ya gwada ƙarfinta, sannan ya ƙwanƙwasa ginshiƙin da ke gefe da bayan yatsa, ya kara kunne. Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi, don kowa ya san shi da wannan. Ba ya hawa abin da bai gwada ba.

Takardata ko kallonta bai yi ba. Ya juya ya dubi hoton da ke bango, ya fara magana. Ya faɗi yadda suka yi ta haƙa suna neman dutse a ƙarƙashin yashin kogi. Ya faɗi yadda ya sa aka fasa ginshiƙi guda bayan an gama shi, saboda ya ji sautinsa bai yi masa ba, aka kusa korarsa a kan haka. Ya kira sunayen birkiloli da masu ɗaurin rodi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ruwa ya ci, ya ce a yi masa addu'a. Ya ce wa matasa kada su bari kowa ya gaggauta su, mai gaggawar ba ya nan ranar da abin zai faɗi. Auta ta matse min hannu. Na ce Allah na gode maka, ka rufa mana asiri.

Sai shugaban ya ce ba za a miƙa lambar ba sai uwargida ta hau, don ita ma da ita aka yi aikin. Da kyakkyawar niyya ya yi. Na hau ana tafi, na tsaya kusa da shi, na kama gwiwar hannunsa.

Ya juyo ya dube ni. Ya ɗan rusuna, ya gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da yake yi wa iyayen abokansa. Sannan ya koma ga abin magana ya ce yana gode wa wannan dattijuwa da take ta ɗawainiya da shi tun safe, Allah ya saka mata. Ya ce yana ba da haƙuri, matarsa ba ta samu zuwa ba, tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, ya bar ta a hannun ƙawarta ungozoma.

Mutane suka yi dariya. Sun ɗauka barkwanci ne, tsoho yana zolayar tsohuwarsa. Har wani ya yi fito.

Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce ya baro ta tana fushi, ko rakiya ba ta yi masa ba, kuma ita ke da gaskiya. Ya ce shi ba mutum ne mai iya magana a gida ba, in ya buɗe baki a gabanta sai lissafi ya fito. Ya ce ranar da suka zuba ginshiƙi na farko, bayan kowa ya tashi, ya sa ƙusa ya rubuta sunanta a jikin ɗanyen siminti, can ƙasa inda ruwa ke rufewa, kuma bai taɓa faɗa mata ba don kada ta yi masa dariya. Ya ce duk abin da ya gina, a kanta ya ɗora shi. In ya gama wannan aikin zai koma gida ya zauna, wannan karon da gaske.

Suka miƙe suna tafi, wasu na share ido. Sun ɗauka cikin jawabin ne. Mutum biyu ne kawai suka gane, Auta, wadda ita ce cikin da yake magana, da shugaban, da na ga fuskarsa ta sauya yana riƙe da akwatin lambar bai san wa zai miƙa wa ba. Ni kuwa na tsaya ina murmushi ana ɗaukar hoto. Maganar da na yi shekara arba'in ina jiran in ji daga bakinsa, ga shi ya faɗe ta ina tsaye a gefensa, kuma ba da ni yake ba.

Muna shiga mota na cire masa hular. Na jira. Na kira shi, na ce ni ce, Manaja ce. Ya yi murmushi ya ce ai kuwa haka yake kiran matarsa, ashe na san ta. Ya roƙi Auta ta ɗan ƙara gudu, ana jiransa a gida.

Auta ba ta ce min ai na faɗa miki ba. Da ma ta faɗa, da na samu wanda zan yi wa faɗa. Zan tsaya nan. Ki gaishe da yara.

Taki,
Sarkin Tsiwa

*

Zuwa ga aminiyata, 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar wanda ya gaji. Yaya gwiwa, yaya jikoki? Takardunki biyu sun zo, ban amsa ba don ina jiran in samu labari mai daɗi in ba ki. Bai samu ba.

Bai dawo ba, ƙawata. Likita ya ce ba za a iya cewa taron ne ya jawo ba, wataƙila da ma abin yana kan hanya. Yana faɗa ne don ya sanyaya min rai, na kuma gode masa. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In kika tambaye ni ko na yi nadama, ban san amsa ba. Na ga mijina a tsaye a gaban sa'o'insa, cikakken mutum, ba wanda ya ce masa sannu. Har yau suna bugo waya suna cewa ba a taɓa jawabi irin nasa ba. Mutuncinsa ya fita lafiya. Ni ce ban dawo gida da shi ba.

Lafiyar jikinsa ƙalau. Yana cin abinci daga hannuna, amma sai ya yi godiya, ya ce in daina wahalar da kaina. Ba ya yarda in shiga ɗakinsa sai ƙofa na buɗe, wai kada matarsa ta dawo ta ga wata a ciki, ba ta da daɗin fushi. Wannan kam ya san ni. Na koma kwana a ɗakin yara. Akwatin lambar yana kan cinyarsa duk yini, ya hana kowa buɗewa, har jikoki. Ya ce ita za ta fara gani.

Babu abin da ban gwada ba. Na ciro tsohon zanen da na san yana so na ɗaura. Na nuna masa hoton aurenmu, ya shafa fuskar yarinyar da ke ciki, ya nuna min ita yana alfahari, ya tambaye ni ko na taɓa ganin mai kyau irinta. Na ce ban taɓa ba. Na yi masa faɗa irin na da, da muryata ta da, na ce ya bar takalmi a tsakar ɗaki. Ya ba ni haƙuri ya ɗauke. Mutumin da bai taɓa ɗauke takalmi ba sai mun yi musu.

Jiya da la'asar na yi abin da ko Auta ban faɗa wa ba. Na yafa mayafi na fita ta ƙofar baya, na zagayo ta lungu, na turo ƙofar gida na yi sallama da ƙarfi, kamar wadda ta dawo daga unguwa. Na ji motsinsa. Ya taso da sauri har buta ta kife, ya fito rungume da akwatin, fuskarsa kamar ta yaro. Muryar ya gane. Da ya ga fuskar sai ya tsaya. Ya leƙa bayana ko akwai wata. Sannan ya tattara kansa ya yi min sannu da zuwa, ya ce matar gidan ba ta nan amma in zauna, ba ta daɗewa a waje. Ya ce ita ce kullum mai jira, yau kuma bari shi ma ya ɗanɗana.

Na zauna. Ya jawo min kujera kusa da tasa a baranda, muna fuskantar ƙofa. Muka zauna mu biyu muna jiran ta har aka kira magariba.

Abin da ke cin sa shi ne bai ji labari ba. Kullum sai ya tambaye ni ko an aiko daga wurin ungozoma, ko ta sauka. In na ce ta sauka lafiya, sai ya ce ni ina na sani, ai ba na wurin. Ba ya barci sosai saboda wannan, ya fara rage cin abinci. Ya ce ba zai yarda ba sai ya ji daga bakin wadda ya bar wa amana.

Don haka ga roƙona. Na san tafiyar da nisa, na san gwiwarki, Auta ta ce za ta zo da mota ta ɗauke ki. Ba zai gane fuskarki ba, kin tsufa kamar yadda na tsufa, amma muryar nan taki mai tashin unguwa ba ta sauya ba. Ki tsaya daga bakin ƙofa ki yi masa albishir yadda kike yi wa mazan mutane. Ki ce masa matarsa ta sauka lafiya, an samu mace, uwa da 'ya suna cikin ƙoshin lafiya. In ya tambaye ki ko har yanzu tana fushi, ki ce masa ta huce. Ki ce masa ta ji abin da ya faɗa a wurin taro, duka ta ji, kuma ba ta yi dariya ba.

Ina jiran ki. Allah ya kawo ki lafiya.

Taki har abada,
Sarkin Tsiwa